Darmar da Ban Cire Ba

Nura, ɗan ƙanwata, shi ya ja ni ga wannan rubutu. Rannan muna zaune a ƙofar shagonsa na cajin waya a Batsari, shi da abokansa, na buɗe kwamfuta ina nuna musu taswira, da wani ɗigon ja yana rarrafe a cikin shuɗi. Na ce musu ɗigon nan na'ura ce a cikin teku, can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ke yawo a kan ruwa, kuma shekara goma sha shida irinta nake kula da su. Nura ya kwashe da dariya.

"Kawu, ashe dai aikin zama kake yi? Ka danna nan, ka danna can, shi ke nan? Aradu ka ba ni sati guda na iya."

"Sati guda ma ya yi yawa," in ji abokinsa. "Ai ba ta da direba, da kanta take tafiya. To mi ne ne aikin a ciki?"

Ban yi fushi ba, don ni ma da aka fara nuna mini ita haka na ce a raina. Amma tun da bakinku ya fi kunnenku aiki, bari in rubuta, wataƙila ido ya kama abin da kunne ya bari.

Sunanta gilaida. Tsawonta kamar na mutum, launinta rawaya, da fukafukai biyu, kuma ba ta da farfela. Dabararta ɗaya ce. A bayanta akwai jakar roba. In ta tura mai cikin jakar sai ta ɗan kumbura, ta yi sauƙi, ta taso. In ta janye man sai ta yi nauyi ta nutse. Fukafukan su ke mayar da wannan hawa da sauka ya zama tafiya gaba. Haka za ta yi wata uku, huɗu, ita kaɗai, tana auna sanyin ruwa da gishirinsa da iskar da kifi ke shaƙa, tana sauraron duk abin da ke motsi. Bayan 'yan sa'o'i sai ta taso, ta ɗaga wutsiya inda eriya take, ta kira mu ta tauraron ɗan'adam, ta ce ga inda take, ga abin da ta gani, ina za ta nufa? Mu ba ta amsa, ta koma. In ba ta kira ba, babu wanda zai bi ta ya dubo.

Ni ba a bakin ruwa aka haife ni ba, kun sani. Mafi girman ruwan da na gani kafin in yi gemu shi ne na dam. Na fara koyon aiki a Safana, wajen Malam Lawal mai gyaran injin ban-ruwa, Allah ya jiƙansa. Aikin farko da ya ba ni, injin wani manomin tumatur ne daga Runka, ba ya jan ruwa. Na kwance shi tas, na wanke, na mayar, na tayar, ya ƙi. Malam Lawal bai ko tashi daga kan bencinsa ba.

"Isiya, kawo robar bakin nan in gani."

Ya juya ta a rana, ya nuna mini wata tsaga da ba ta kai ƙwayar gero ba.

"Nan iska ke shiga. Kai kana neman babban ciwo, shi kau inji ƙaramin abu ke kashe shi. Tafi ka wanke hannu ka dawo."

Daga nan na yi kwalejin fasaha, na yi shekaru a Fatakwal ina gyaran na'urorin da ake zurawa ƙarƙashin ruwa da igiyar waya don duba bututun mai. Wani Bature da muka yi aiki tare shi ya rubuta mini takarda zuwa wata cibiyar binciken teku a ƙasar Norwe. Na isa can ina ji da kaina, mai shekara arba'in da 'yan kai, injiniya guda. Aka haɗa ni da wata mata, Ingrid, doguwa, mai furfura, ba ta da yawan magana. Ita ce uwar ɗakina a wannan sana'a. Ta ba ni kujera, da fitila, da madubin ƙara girma, da tire cike da zobban roba. Wata uku ban taɓa komai ba sai zobban nan. In goge, in duba, in shafa giris kaɗan, in ajiye. Su ke hana ruwa shiga tsakanin gaɓoɓin gilaida, kuma a ƙasan teku ruwa na matsa ta da ƙarfin da zai lanƙwasa ƙofar mota. Gashi ɗaya ya kwanta a kan zobe, an yi asarar na'urar da ta fi gidan sama tsada. Wata rana Ingrid ta zare gashin gemuna daga zoben da na ce na gama, ta ɗora shi a kan farar takarda, ta tura mini. Washegari da takunkumi na zo aiki.

Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini. Sikeli mai auna gram, tankin gwaji, famfon zuƙe iska, ƙananan sifanu, da gwangwani cike da gutsattsarin darma. Aikin da ya fi kowanne shi ne daidaita nauyi. Sai ka sa gilaida a tanki, ka ƙara darma, ka rage, har ta tsaya a tsakiyar ruwa, ba ta nutse ba, ba ta taso ba. Kuma ba ruwan tankin kake yi wa lissafi ba, ruwan da za ta shiga kake yi wa, don ruwan teku ba ɗaya ba ne. Mai gishiri da yawa ya fi ɗaukar kaya. Yini biyu nakan yi a kan wannan, in kuwa aka yi mini magana ina tsaka da shi sai in sake daga farko.

Masu jiran aikinmu iri-iri ne. Akwai masana, waɗanda kullum so suke a kai musu na'ura inda ya fi haɗari. Akwai jami'an da ke yanke yawan kifin da za a kama a shekara. Akwai masunta, su kuma gani suke leƙen asiri muke musu. Wani tsohon masunci ya taɓa tsamo mana gilaida a cikin komarsa, ya kawo ta har bakin shago a bayan akori-kura, ya ce a gaya wa kifinmu mai rawaya ya daina bin nasa.

Ranar da na san na shigo wani abu da ya fi ƙarfin tunanina, ina gaban kwamfuta ne ina karɓar kiran wata gilaida. Tana da abin da ke aika sauti ƙasa ya dawo mata da hoton abin da ke cikin ruwa. Sai na ga wani jan gajimare a hoton, faɗinsa ya fi nisan Batsari zuwa Safana. Na kira Ingrid na ce na'urar ta lalace. Ta duba ta ce lafiyarta ƙalau. Wasu halittu ne, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, sun yi watannin sanyi suna barci a can ƙasa cikin duhu, yanzu sun ji bazara sun taso gaba ɗaya su ci. Su ƙananan kifi ke ci, manya su ci ƙananan, har a kai ga irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa. Wa ya tashe su? Wa ya gaya musu lokaci ya yi, alhali inda suke babu rana babu wata? Na yi tasbihi a fili. Har yau in na tuna sai na yi.

Mummunar shekarata ita ce ta bakwai. Za mu shiga jirgin bincike zuwa bakin wani dutsen ƙanƙara, irin wanda ke gangarowa daga tudu ya tsaya a cikin teku kamar katanga. Lokacin bazara ne, rana ba ta faɗuwa ko kaɗan, zagaye kawai take yi a sama, sallah ma da agogo nake yi bisa lokutan da wani malami ya tsara mini. Na gama daidaita nauyin gilaida a shagon tashar jirgi, bisa lissafin gishirin bara. Ana loda kaya, injin ɗaga kaya na ruri, iska na kaɗawa. Ingrid ta leƙo daga saman jirgi ta ɗaga murya ta ce mini wani abu. Ban ji ba. Na ce ta sake. Ta sake. Na tsinci kalma biyu kacal, darma da gaba.

Ku da kuka tashi inda na tashi kun san abin da ya biyo baya. A gidanmu babba ba ya maimaita magana sau uku. In Baba ya yi magana ba ka ji ba, ka ce na'am sau ɗaya. In ya sake ba ka ji ba, sai ka ce to, ka fita, ka je ka tambayi Inna abin da yake nufi. To ɗinmu ba ya nufin na gane, balle na yi. Yana nufin na ji muryarka, kuma na girmama ka. Na ɗaga wa Ingrid hannu na ce to da harshensu. A raina na ce tana so in duba ko darmar gaba ta ɗauru sosai. Na duba, ta ɗauru. Na rufe.

Muka yi kwana uku a hanya. A jirgin akwai wani dattijo, Dokta Henrik, wanda tun yana saurayi yake zuwa wani wuri guda a tsakiyar teku kowace bazara, ya zura kwalabe, ya auna ruwan. Bai taɓa tsallake shekara ba, kuma wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki. Tsarin tafiyar shi ne mu saki gilaida a bakin ƙanƙara, mu yi kwana biyu muna wasu aune-aune, sannan jirgi ya wuce wurin Dokta Henrik, daga can a koma gida. Wani jirgin ne zai ɗauko gilaida bayan wata uku. Kwanakin jirgi a ƙirge suke, ba a ƙara ko ɗaya.

Wurin da muka sake ta, ban taɓa ganin irinsa ba. Katangar ƙanƙara ta fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, shuɗiya kamar an zuba mata bula. Lokaci-lokaci sai wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa da ƙara kamar aradu, tsuntsaye su tashi fari fat. Muka zura gilaida, ta nutse lafiya. Ta kira sau ɗaya, da ƙyar, maganar a yanke. Daga nan shiru.

Sa'a shida, shiru. Yini guda, shiru. A rana ta biyu aka taru a ɗakin cin abinci, kyaftin da masana da mu. Aka bi dalilai ɗaya bayan ɗaya. Da ruwa ne ya ɗan shiga, da ta ji, ta saki ƙarfen gaggawa da ke ƙarƙashinta ta taso. Tun da ba ta taso ba, ko dai ta fashe gaba ɗaya, ko ƙanƙara ta faɗo mata. Kowa ya haƙura. Kyaftin ya ce da yamma za a juya zuwa wurin Dokta Henrik. Sai Ingrid ta ce, tana kallon takardarta:

"Nauyi dai ba shi ba ne. Bana ƙanƙara ta narke da yawa, shi ya sa na ce Isiyaku ya cire gram ɗari da hamsin daga gaba, kuma ya cire."

Gram ɗari da hamsin, nauyin sabulun wanka guda. Aka tashi, na fita waje na riƙe ƙarfen gefen jirgi, sanyi na cin yatsuna ta cikin safar hannu.

A nan tsaye na ga abin da ya faru sarai, kuma Inna ce ta nuna mini. Da damina takan sayi ƙwan zabi wajen matan Fulani na Tsaskiya, ta zuba ruwa a ƙwarya ta gwada. Mai kyau ya nutse, ruɓaɓɓe ya taso. Wata rana duk ƙwan suka taso, ta fara faɗa, sai mai ƙwan ta tsoma yatsa ta lasa ta ce, "Inna, ba ƙwaina ba ne, ruwanki ne. Wagga ƙwarya an jiƙa kanwa ciki." Ruwa mai kauri ya ɗaga ƙwai mai kyau. To a nan akasin haka ne. Ƙanƙarar da ta narke ruwan daɗi ce, ba gishiri, ta kwanta a saman teku. Gilaida na tasowa daga ƙasa, in ta iso wannan ruwa marar kauri sai ya kasa ɗaukarta. Ba ta fashe ba. Tana nan da ranta, 'yan taku kaɗan ƙarƙashin ruwa, tana ta ƙoƙarin fito da wutsiya ta kira mu. Kuma na san wani abu, don ni na saita shi: in ta yi kwana huɗu ba ta ji mu ba, za ta saki ƙarfen gaggawa da kanta ta taso. Daga nan ba ta iya nutsewa kuma, sai dai ta yi ta yawo a tsakanin gutsattsarin ƙanƙara masu girman mota, su niƙe ta cikin yini guda. In jirgi ya tafi, shi ke nan.

In na yi shiru, babu mai sani har abada. Teku ba ta ba da shaida. Na ji tsoro, na ji kunya, kuma na daɗe a wurin fiye da yadda nake so in faɗa muku. Sannan na je na ƙwanƙwasa ƙofar Ingrid.

"Ban cire darmar ba."

Ta ajiye alƙalami. "Ka ce mini to."

"Na ce to. Ban ji abin da kika ce ba."

"Me ya hana ka tambaya?"

"Na tambaya sau ɗaya. A wurinmu ba a sa babba ya faɗi magana sau uku."

Ta dube ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zaci zagi zai biyo baya. Sai ta jawo taswira ta ce, "Ashe tana da rai. Zauna, mu lissafa inda ruwa zai kai ta."

Abin da ya rage shi ne jirgi, kuma wannan ba a hannun Ingrid yake ba. In aka jira gilaida kwana biyu, babu sauran lokacin zuwa wurin Dokta Henrik. Kyaftin ya ce su biyu su daidaita. Ni na je na gaya wa dattijon da bakina, don ban ga dalilin da wani zai ɗauki wannan kaya ba. Ya saurare ni har na gama, yana juya kofin shayinsa. Ya tambayi Ingrid ko ta tabbata na'urar na da rai. Ta ce ba ta tabbata ba, amma ta fi zaton haka. Ya ce gilaida ɗaya za ta auna cikin wata uku abin da kwalabensa ba za su auna ba cikin shekara goma. Ya ce a jira.

Rana ta huɗu tun da hantsi muna waje da madubin hangen nesa. Ƙanƙara ko'ina, fara da shuɗiya, tana gogar juna tana ƙara. Can bayan azahar kwamfuta ta yi ƙiit. Ta kira. Tana nesa kaɗan da inda muka lissafa. Muka sauka a ƙaramin kwalekwalen roba, ni da matuƙi, muna ture ƙanƙara da sanda. Da na hango rawayar bayanta tana lilo tsakanin wasu manyan gutsattsari biyu, fiffike ɗaya a karye, ban san lokacin da na fara kabbara ba. Na kama ta da hannu biyu, ruwan ya shiga hannun rigata kamar wuƙa, ban saki ba.

Da muka zazzage abin da ta ɗauka, sai ga wani abu da ba wanda ya nema. Kwana huɗun nan makirfonta a buɗe yake. Ingrid ta kunna a ɗakin cin abinci. Da farko ƙarar ƙanƙara ce tana narkewa, tas-tas-tas, kamar ana toya ƙosai. Sai fito, sai wani ya amsa, sai gurnani, sai kamar dariyar yara. Fararen dabbobin teku ne, garke guda, da 'ya'yansu, sun kewaye ta suna magana, har ana jin ɗaya na gogar jikinta. Wani matashin masani ya rufe fuska da hannu. Ni kuwa na zauna ina tunanin cewa tun kafin a haifi kakana suke wannan hira a ƙarƙashin ƙanƙara, ba don kowa ya ji ba, kuma Wanda ya halicce su yana jin kowace kalma.

Ingrid ba ta bari na ji daɗin wannan ba. Ta ce kada in kuskura in ɗauka sautin nan ya wanke ni. Muka sauya fiffike, muka sa sabon ƙarfen gaggawa, ta tsaya a kaina ta ce, "Cire ɗari da hamsin daga gaba." Bakina ya buɗe zai ce to. Na haɗiye shi na ce, "In cire ɗari da hamsin daga gaba." Ta gyaɗa kai. Tun daga ranar duk umarnin da aka ba ni sai na maimaita shi da bakina, ko wa ya ba ni, kuma duk wanda ya koyi aiki a hannuna haka na sa shi, ko ya ga kamar raini ne. Gilaida ta koma ruwa, ta yi wata ukunta cif, ta kawo abin da aka aike ta.

Dokta Henrik bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da muka iso tasha ya ba ni hannu, ya ce in gaida gida, ya ɗauki jakarsa da kwalabensa da ba su taɓa ruwa ba a wannan tafiya, ya sauka. Bayan shekara biyu aka ce ya rasu. Wasu sun ci gaba da zuwa wurin nasa, kuma jerin aune-aunen na nan, duk mai binciken tekun arewa yana amfani da shi. Layi ne bayan layi, shekara bayan shekara, tun daga ƙuruciyar mutumin har tsufansa. Can ƙarshen nasa akwai layi ɗaya da babu komai a ciki. Masana kan wuce shi, su ɗauka iska ce ta hana jirgi zuwa a shekarar. Ni kuwa duk lokacin da na buɗe jerin, a kan layin nan idona ke fara sauka.